Eya Firaya da Gasasshiyar Kabewa: Yadda Na Same Shi a Kicin Ɗina

Tun da matan layinmu suka ga eya firaya, wato na'urar lantarki mai gasa abinci da iska mai zafi, a kicin ɗina, tambaya biyu suke ta maimaita mini. Wai da gaske ne yana soya abinci babu mai? Kuma ya ci kuɗinsa? Amsar ta farko a'a ce, yana son mai, sai dai kaɗan ƙwarai. Ta biyu kuwa ta danganta da irin wutar da unguwarku ke samu da yawan bakin da kike ciyarwa. Ni dai a wurina ya ci kuɗinsa, kuma ba kaza ko kifi ne suka sa na faɗi haka ba. Kabewa ce.

Maigidana ya haura hamsin, yana fama da hawan jini, kuma a gwajin da aka yi masa bara likita ya ce kitsen jininsa ya yi sama. Aka ce ya rage gishiri, ya rage soye-soye, ya riƙa tattaki. Tattakin bai ba shi wuya ba, don masallacinmu da ɗan tazara. Gishiri kuma a hannuna yake. Inda gizo ke saƙa shi ne soyayyen dankalin turawa da ƙwai, abin da shi da yaran suka fi so ke nan. Duk wanda ya yi azumi a Kano ya san yadda faranti yake da magariba: ƙosai, dankali, doya da ƙwai, awara, samosa, kowanne daga kaskon mai ya fito. A gidanmu abin bai tsaya a azumi ba, Asabar da Lahadi da safe sai an soya. Na san halin mijina, in na hana shi kai tsaye zai daure na ɗan lokaci, daga nan sai na ji labarin ya tsaya teburin mai shayi a hanyar kasuwa. Abin da zan ajiye masa a gurbin dankalin nake nema, wanda zai ci da marmari, ba da ɓata rai ba.

Shi dankalin turawa a karan kansa ba abin tsoro ba ne. Ɗanyensa, giram 100, kalori 77 ne, kalori kuwa shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke bai wa jiki. A kasko ne labari ke canzawa, ruwan jikinsa ya fita, mai ya maye gurbin, sai ki ga irin wanda ake sayarwa a gidajen abinci ya haura kalori 300 a giram 100. Babban cokali ɗaya na mai, ko na gyaɗa ne ko wani iri, kalori kusan 120 ne, ki ƙiyasta nawa faranti guda yake sha. Ga kuma wata ɗabi'a da tsadar mai ta koya mana, mu tace man suya mu mayar kwalba, mu sake ɗora shi gobe da jibi har ya yi duhu ya yi kauri. Man da aka yi ta maimaita zafafawa lalacewa yake yi, kuma ba abin da mai hawan jini ya kamata ya riƙa ci ba ne. Kabewa kuwa, irin tamu ta miya, giram 100 kalori 26 ne ko kusa da haka, ƙaramar nan mai dogon wuya kuma wajen 45. Sitaci da sugan da ke jikin dankali ya kai giram 17, na kabewa tsakanin 6 da 12 ne, gwargwadon irinta. Launin nan nata mai ruwan lemo alamar sinadarin bita-karotin ne, wanda jiki ke mayarwa bitamin A, mai taimakon ido da garkuwar jiki. Jiki ba ya iya zuƙar wannan sinadari yadda ya kamata sai da ɗan maiƙo, don haka cokalin man da za ki sa ba asara ba ne, da aikinsa.

A Sabon Gari na sayi eya firayan. Kamfanin Philips ne ya fara fito da irin wannan na'ura a 2010 a wani baje kolin kayan lantarki a birnin Balin na Jamus, amma yanzu iri-irinsa sun cika kasuwa, mafi yawa ƙirar Sin. Nawa ma ƙirar Sin ne, mai matsakaicin kuɗi, lita 5, wat 1,500, da maɓallin murɗawa guda biyu, ɗaya na zafi daga digiri 80 zuwa 200, ɗaya na lokaci har minti 30. An nuna mini mai gilashin dannawa, ya fi kyau a ido, amma na bar shi, saboda yadda wutarmu ke hawa da sauka na fi amincewa da abin da ba shi da tarkacen lantarki da yawa a ciki. Ban biya ba sai da aka jona shi a shagon, na ji ƙarar fankarsa, na kara hannu na ji zafi na fitowa. Wanda zai sayi na hannu kuma ya juya gindinsa ya karanta. Akwai waɗanda aka ƙera don Amurka, masu amfani da bolt 110 zuwa 120, alhali wutar Najeriya 230 ce. In kika jona irin wannan kai tsaye, a ranar zai ƙone.

Yaron shagon ya ce mini, "Hajiya, wannan ko ɗigon mai ba kya buƙata, ki zuba kawai ki rufe." Ba haka ba ne. Abin da ke ciki shi ne wata murɗaɗɗiyar waya mai ɗaukar zafi a sama, sai fanka a bayanta tana hura iskar mai zafi tana zagaya abinci ta ƙofofin kwandon. Ƙaramin oben ne mai ƙarfin iska. Abin da ke da maiƙonsa, irin kaza mai fata, zai gasu babu ƙarin mai. Amma dankali ko kabewa, in kika sa su a bushe, bayansu zai yi fari-fari ya yanƙwane, babu armashi.

Yanzu ga babbar maganar, wato zaɓen kabewa. A nan ne za ki ci nasara ko ki yi asarar wutarki, tun kafin ki taɓa maɓalli. Mu a Kano mun san kabewa a miyar taushe, a fate, wasu su dafa ta su ci da ƙuli-ƙuli. A duk waɗannan ana son ta narke ne, shi ya sa ba ma damuwa ko mai ruwa ce. Gashi kuwa akasin haka yake so. Kusan kashi 90 cikin 100 na jikin kabewa ruwa ne, ya fi na dankali yawa, kuma ruwan nan shi ne abokin gabarki. Mai ruwa-ruwa, mai launi fari-fari, in ta shiga kwandon sai ta saki jiki ta kwanta, ta koma dafaffiya.

A Yankaba akwai wani dattijo da nake sayen kayan miya a wurinsa. Da na ce masa ina son kabewa mai gari, sai ya dube ni ya ce, "Hajiya, ta taushe ce ko ta fate?"

Na ce, "Baba, gasawa zan yi, kamar yadda ake yanka dankali a tsaye."

Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ture waɗanda ke gabansa ya jawo wata daga ƙasan tarin, mai ƙura a jiki, hancinta ya bushe ƙayau. Ya ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa, ya sa farce a ɓawon, farcen bai shiga ba. Ya ce, "To wannan za ki ɗauka. Ta nuna a gona, kuma ta kwana biyu a ajiye, ruwanta ya ja baya. Ɗaga ki ji." Na ɗaga, nauyinta ya fi girmanta. Da ya tsaga mini ita, cikin ya yi ja sosai, naman da kauri, wuƙar ma da ƙyar ta ratsa, kuma babu ruwan da ya biyo bakin wuƙar. Tun daga ranar abin da nake dubawa ke nan: busasshen hanci, ɓawo mai tauri, nauyi, da ciki mai duhun launi. In yanka za ki saya ba guda ba, ki danna naman da yatsa, in ya lotsa ko ya yi danshi ki bar wa mai miya. Ita ƙaramar mai dogon wuya, wadda ake samu a manyan kantuna, ta fi kowace sauƙin aiki, domin wuyanta nama ne zalla babu rami, yankan yana fita a miƙe. Sai dai ta fi tsada nesa ba kusa ba, kuma tamu ta gida in kin dace da mai gari ba ta bar mata komai ba.

Akwai kuma maganar aljihu. Dankalin turawa da muke ci, yawancinsa daga Filato yake zuwa, wajajen Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, kuma kuɗin mota yana hawa kansa kafin ya iso mana. Kabewa kuwa a ƙauyukan da ke zagaye da mu ake nomanta, da kaka ta yi araha har ki ga an jibge ta a bakin titi.

Ga yadda nake yi. Na fere ta da kaifafar wuƙa a kan katako, ba a hannu ba, don ɓawon mai gari yana da tauri kuma wuƙa na iya zamewa. Na kwashe 'ya'yan da zare-zaren cikin, har na ɗan kankare wurin da ya yi laushi. Sai na yanka a tsaye, kaurin ɗan yatsa, wajen santimita ɗaya. In ta yi siriri bakin zai ƙone kafin tsakiya ta nuna, in ta yi kauri kuma ba za ta bushe ba. Kada ki jiƙa ta a ruwa kamar yadda muke yi wa dankali. Dankali ana jiƙa shi ne don a wanke sitacin da ke bayansa, ita kuwa kabewa ruwa ne ya yi mata yawa, ba ƙari take nema ba. Na zuba a matsami, na barbaɗa gishiri ɗan kaɗan, na juya, na bar ta minti 20 zuwa 30. In kika dawo za ki ga ta yi gumi, ruwa ya taru a ƙasan kwanon da kika tara. Sai na baza ta a kan tsaftataccen tawul na goge ta tas, har sai na taɓa na ji babu danshi. Gogewar tana tafiya da yawancin gishirin ma, abin da nake so ke nan saboda maigida.

Daga nan sai babban cokali ɗaya na man gyaɗa ga abin da zai cika faranti biyu, na murtsuke da hannu kowane yanka ya samu. Sannan cokali ɗaya na garin shinkafa mai laushi, irin na tuwo, da ɗan garin citta da tafarnuwa. Garin shinkafar nan shi ke shanye sauran danshi ya ba ta ɗan ɓawo a baya. Garin masara mai laushi ma yana yi, amma na shinkafa ya fi ba ni abin da nake so. Na kunna na'urar ta yi zafi na minti uku babu komai a ciki, sannan na jera kabewar, ba a cunkushe ba, kowace da ɗan sarari a gefenta. Digiri 190, minti 18 zuwa 20, a tsakiya na jawo kwandon na juya su a hankali da cokalin katako. Dankali ana girgiza shi, amma kabewa a rabin gashi tana da laushi, girgiza mai ƙarfi karya ta take yi.

Wajen minti na 15 ƙamshin zai fara cika kicin, ƙamshi mai zaƙi-zaƙi kamar na gasasshiyar masara a bakin titi da damina. In kika leƙa za ki ga gefe-gefen ya yi ruwan zuma, kusurwoyin sun ɗan yi duhu, jikin ya tattare kaɗan. A nan za ki tsaya. Kada ki bari ta yi baƙi don neman ƙaras-ƙaras, sugan jikinta yana saurin ƙonewa ya koma ɗaci. Ban da ɗacin ma, tun 2002 masu bincike a ƙasar Siwidin suka gano cewa abinci mai sitaci, musamman dankali, in ya sha zafi har ya yi duhu sosai yana samar da wani sinadari mai suna akirilamaid, wanda hukumomin lafiya ke ba da shawarar a rage cinsa. Wannan ya shafi kasko, ya shafi oben, ya shafi eya firaya. Launin zinare ya isa.

Yaji sai an sauke nake sawa. Yajin ƙuli-ƙuli irin na tsire shi ne abokin tafiyarta, amma in kika sa shi tun farko gyaɗar za ta ƙone, iskar fankar kuma ta watsa garin ya manne a wayar sama yana hayaƙi. Tana fitowa da zafinta ki barbaɗa, zai kama jikinta. Ni nake daka nawa da ƙuli, barkono, citta, masoro da ɗan kanumfari, ba na sa dunƙulen magi a na maigida. Yajin kasuwa gishiri da magi sun yi masa yawa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin miya da burodi. Babu amfanin ki gudu daga mai ki faɗa gishiri.

To ya take a baki? Gaskiya ba dankali ba ce, kuma duk wanda ya ce miki ba za ki gane bambanci ba bai faɗa miki daidai ba. Ba ta yin ƙaras-ƙaras ɗin nan da soyayyen dankali ke yi har a ji ƙararsa. Gefenta ne ke ɗan yin ƙarfi, cikin kuwa laushi ne lugub, da zaƙi wanda gashin ya ƙara fito da shi. Zaƙin nan da zafin yajin ƙuli in suka haɗu, abu ne mai daɗi a karan kansa, wanda ba ya buƙatar a kwatanta shi da komai. Shi ya sa ban taɓa kai ta gaban maigida da sunan dankali ba. Na ce masa gasasshiyar kabewa ce, ga ƙwai da albasa da tumatir a gefe, ga shayi. Ya ci yanka biyu bai ce komai ba, sannan ya ce, "Ƙaro yajin." Ya cinye farantin. Yanzu ranar Asabar shi yake tambaya ko akwai kabewa a gida. Dankalin bai fita daga gidan gaba ɗaya ba, amma ya koma na jefi-jefi, shi ma a na'urar nake yin sa da cokali ɗaya na mai.

Yara kuwa sun rabu. Babbar tana sonta har tana sawa a kwanon makaranta, ko da yake kafin tara ta yi laushi. Autan ya ce shi dankalinsa yake so, ban matsa masa ba, sai nake haɗa masa rabi da rabi da dankalin Hausa, wanda shi ma yana gasuwa da kyau sosai a ciki. Surukata da ta zo mana kwana, ta ga abin a faranti ta ce, "Ke 'yar nan, kabewar ce kuma aka mayar haka?" Na ce, "Hajiya, ki ɗanɗana ki ji." Haƙoranta ba sa son abu mai tauri, soyayyen dankali ya daɗe da fita daga abincinta. Laushin da wasu ke gani aibi ne, ita shi ya yi mata. Ta ce in rage barkono a nata, ta ci ta sa albarka.

Dole a ci ta da zafi. Minti goma a faranti ta fara saki, in kika rufe ta a kula kuwa tururi zai mayar da ita dafaffiya. Wannan ne ya kai ni ga babban abin da ban ji daɗinsa ba a na'urar, wato ƙanƙantar kwando. An rubuta lita 5 a kwali, amma tunda ba a cika shi, abin da yake ɗauka a zubi ɗaya na mutum biyu ne. Mu shida ne a gida. Zubi uku ke nan, kusan awa guda, kuma kafin na ukun ya fito na farko ya huce. Dabarar da nake yi ita ce in baza waɗanda suka fito a kan raga a buɗe, in na gama duka sai in haɗa su in mayar minti biyu su ɗauki zafi. Yana yi, amma da azumi, lokacin da kowa ke jiran kiran salla ga kunu ga sauran aiki, wannan jeka-ka-dawo yana gajiyarwa. Gidan da ake ɗora babbar tukunya, mutum goma sha, wannan na'ura ba tasu ba ce. Gara su sa kuɗin a oben mai gas, su jera a manyan tire biyu, digiri 220, minti 25 zuwa 35, a juya sau ɗaya. Sakamakon kusan ɗaya ne, har ma oben ya fi ba da sarari.

Sai wuta. Cin wutarsa bai kai yadda ake tsoro ba. Wat 1,500 na minti 20 rabin yunit ne, ko ƙasa da haka, tunda wayar tana ɗaukewa ta dawo in zafi ya kai. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato layukan da suka fi samun wuta, zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta zuwa wajen 209. Ko a wannan farashi, zubi ɗaya bai fi naira ɗari da 'yan kai ba, ki gwada da man da kasko ke sha da gas ɗin da za ki ƙona. Matsalar ba tsada ba ce, samuwa ce. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar gashi, kabewar za ta zauna cikin tururinta ta yi laɓo-laɓo, ko an dawo da wutar ba ta komawa daidai. In wutar ba ta da ƙarfi kuma, za ki ji fanka na juyawa amma zafin bai kai ba, minti 30 ta wuce abu bai yi launi ba. Ƙaramin janareton nan na fitila da fanka ba ya ɗaukarsa. Babban yana ɗauka, amma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, tayar da janareto don gasa kabewa ba lissafi ba ne. Masu sola su tambayi wanda ya haɗa musu ko imbatarsu za ta iya, kuma su yi da rana tsaka. Ni dai na san lokutan da layinmu ya fi samun wuta, sai nake fere kabewar in sa mata gishiri in ajiye, ana kawowa in kunna.

A soket ɗin bango za ki jona shi, shi kaɗai. Wayoyin ƙari masu arahar nan ba sa jure irin wannan nauyi, suna zafi har roba ta narke, araha ba ta ado. Ki ba shi tazara daga bango da labule, domin iska mai zafi ta baya take fita. Farkon kunnawa yana warin roba, sai ki wanke kwandon ki kunna shi babu komai na minti goma taga a buɗe. Wanki ba wuya, ruwan ɗumi da sabulu da soso mai laushi. Na ja wa yarinyar da ke taya ni aiki kunne kan soson ƙarfe, saboda baƙin shafen da ke hana abinci kamawa in ya fara ɓarewa kwandon ya tashi aiki, kuma samun kwando shi kaɗai a kasuwa ba abu ne mai sauƙi ba. Da hunturu ina rufe shi da ƙyalle saboda ƙura na shiga ta ƙofofin iska. Yana da ƙara, amma ba ta kai ta injin markaɗe ba.

Wadda ba ta da wuta tsayayya ba ta da oben, kada ta ce abin ya fi ƙarfinta. Na gwada a kan raga bisa garwashin da ya lafa, na yanka ta da ɗan faɗi don kada ta zurara, ina juyawa. Ta yi daɗi, har da ɗan ƙamshin hayaƙi da na'urar ba ta bayarwa. Abin da bai dace da ita ba shi ne tukunya da yashi irin yadda muke gasa kek, domin murfi yana tsare tururi, kabewa kuma tururi ne ba ta so.

Sauran abubuwa a taƙaice: awara tana yin kyau ƙwarai, a shafa mata mai kaɗan ta fito da ɓawo. Kaza da kifi ba a magana. Doya tana so a ɗan tafasa ta tukuna. Ƙosai da duk wani ƙulli mai ruwa ba sa yiwuwa, zuba zai yi ta ƙofofin kwando.

Mai ciwon suga kada ya ji an ce kabewa ya saki jiki. Sitacinta bai kai na dankali ba, amma tana da suga, kuma gashi yana janye ruwa ya tattara shi wuri guda. A ci daidai misali, a haɗa da ƙwai ko wake ko ganye, a auna suga bayan an ci, a kuma gaya wa likita. Maigidana ma bai bar maganinsa ba don ya koma cin kabewa, kullum da safe yana sha, kuma yana zuwa asibiti a ranakun da aka sa masa.

In kin samu mai gari da kaka, ki sayi guda biyu ko uku ki ajiye a wuri mai inuwa da iska, ba a kan siminti mai danshi ba. Wadda ba a fasa ba, hancinta na jikinta, tana yin watanni, zaƙinta ma ƙaruwa yake yi. Wadda aka tsaga kuwa ki kwashe cikinta, ki naɗe ta ki sa a firji, ki yi amfani da ita cikin kwana uku zuwa huɗu. 'Ya'yan ma kada ki zubar. Ki wanke su ki shanya su bushe, ki shafa musu ɗigon mai, digiri 160 na minti 10 zuwa 12, amma ki ɗora ƙaramar raga a kansu, in ba haka ba iskar fankar za ta ɗaga su su maƙale a wayar sama.